Wai sai na nemi izini kafin in buɗe ƙofar shiga filina daga titi?

Mai Bulo Akko:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya san kan abin nan ya fahimtar da ni, ni kam tun shekaranjiya kaina ya ɗaure ko barcin kirki ban yi ba.

Ina da ɗan gidan bulo a cikin garin Gombe, haya nake yi, wurin ya yi min kaɗan kuma kullum maƙwabta cikin ƙorafin ƙarar inji da ƙura suke, to bara Allah ya hore min na sayi fili a bayan gari ta ɓangaren Akko, ƙafa 100 a 100, a bakin wata sabuwar kwalta da gwamnatin jiha ta shimfiɗa. Gaskiya titin ne ma ya sa na saya, don sana'ar bulo in tifa ba za ta iya shigo maka da yashi ba to ba ka da sana'a. Takarduna lafiya lau, akwai ta ciniki da sa hannun jauro, wato mai unguwa, da shaidu, ta gwamnati ma na fara bi. Na zagaye da katanga na bar wajen get ƙafa 14.

Matsalar ita ce tsakanin kwalta da katangata akwai lambatu na siminti da 'yan kwangila suka yi, zurfinsa ya kusa kai min ƙugu, kuma ba su bar wajen tsallakawa ba tunda lokacin da aka yi aikin wurin gona ce. Maginina ya ce ai abu mai sauƙi ne, mu zuba fasassun bulo a ciki mu bi da marmara mu daɓe mota ta riƙa wucewa, kafin damina in na samu kuɗi sai a kwashe a yi kwalbati, ya ce kowa haka yake yi. Na duba layin kuwa na ga mutum uku ko huɗu haka suka yi. Muka zuba ranar Asabar, Litinin tifa ta kawo yashi sawu biyu, a na biyun ƙafar baya ta taka bakin lambatun ya tsage kaman taku ɗaya. Shekaranjiya da safe yarona ya kira ni wai wasu ma'aikata sun zo da mota sun shafa jan fenti a katanga da jikin lambatun, sun ce a dakata da aiki mai wurin ya zo ofis da takardunsa, wai ba ni da izinin buɗe hanya zuwa titi. Yaron bai riƙe sunan ofishin ba, takardar da suka bari kuma ya sa a aljihu ya je ba bulo ruwa da ita ta jiƙe ta dagargaje.

To ni abin da ya ɗaure min kai, fili nawa, kuɗina na sa na saya, ta ina ake so in shiga in ba ta titi ba? Akwai dokar da ta ce sai da izini ko kuwa? Wane ofishi zan je? Kuma jan fentin nan yana nufin za a rushe min katanga ne? Bulo sama da dubu ɗaya ta ci fa.

Ɗan Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Malam ni dai abin da zan ce maka Allah ya ba ka haƙuri, talaka ne kawai ake gani. Kai da bakinka ka ce mutum huɗu sun cike lambatu a layin, su an shafa musu? Ka zaga gari ka ga manyan gine-gine da suka fasa bakin titi suka yi mashiga har biyu uku, wasu ma motocin baƙinsu a kan kwalta suke fakin, ban taɓa ganin jan fenti a jikinsu ba. Kuma in gwamnati ta san mutane za su gina wurin me ya hana tun lokacin aikin a bar wa kowane fili wajen tsallakawa? An yi lambatu dogo kaman ganuwa an toshe mutane daga filayensu, sannan a dawo a ce ka biya kuɗi kafin ka shiga. Wannan abin yana min ciwo wallahi, don ƙanina ma ya sha irinta.

Tsohon Ma'aikacin Hanya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana ka kwantar da hankalinka, jan fenti gargaɗi ne ba katafila ba, amma kada ka bari ya ƙara kwana ba ka je ba, shirun da mutum yake yi ne yake mai da ƙaramin abu babba. Na yi shekaru ina aikin hanya kafin in ajiye, bari in gaya maka yadda zan gaya wa ɗan cikina.

Fili naka ne babu mai ja, amma naka ya tsaya ne a inda safiyo ya kafa turakun siminti. Daga nan zuwa kwalta, wato kafaɗar titi da lambatu da ɗan sararin da aka bari, duk na hanya ne, an bar shi don ruwan sama, don falwayar wuta, don bututu irin wanda yake kawo mana ruwan Dadin Kowa, don wayar intanet da ake binnewa, da kuma ranar da za a faɗaɗa titin. Saboda haka ba izinin shiga filinka ake ce ka nema ba, izinin taɓa kayan hanya ne da haɗa ƙofarka da ita, ka ga da bambanci.

Sannan ka fara tabbatar da titin na waye. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne, rukunin A na tarayya, B na jiha, C na ƙaramar hukuma, kuma wanda ya zuba kwalta ba lallai shi ne mai hanya ba, jihohi sukan gyara hanyar tarayya da kuɗinsu. Hanyar da ta taso daga Bauchi ta ratsa Gombe ta bi Kaltungo har Numan da Yola ta tarayya ce, haka ta Biu, haka ta Dukku zuwa Darazo. Irin waɗannan dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ce take aiki a kansu, filin hanya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, ƙafa 150 kenan, ya fi tsawon filinka gaba ɗaya, kuma mai magana a kai shi ne kwanturolan ayyuka na tarayya da ke jihar. Mutane da yawa FERMA, hukumar kula da hanyoyin tarayya, suke nufa, su kuwa gyara ne aikinsu. In kuma naka na jiha ne, irin sababbin hanyoyin nan da aka yi a tsarin kilomita 100 a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar, to ma'aikatar ayyuka ta jiha ce mai titi da lambatu, GOSUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ce mai ba da izinin gini, hukumar GOGIS kuma wajen takardun fili da taswira. Ka fara da GOSUPDA, ka tafi da kwafin takardun fili da zanen safiyo da hoton wurin a waya, ka rubuta takarda ka ce ga abin da kake son yi a filin da irin motocin da za su riƙa shiga. Kada ka ɓoye maganar tifa ka ce gida ne, don mashigar gida daban ta wurin sana'a daban, in aka ba ka izinin ƙaramar mota ka shigo da tifa kamar ba ka da izinin ne.

Yanzu maganar maginin naka. Ni a rayuwata ban ga abin da yake kashe kwalta kaman ruwa ba, ba nauyin mota ba, ruwa. Kwaltar da kake gani ba ta da wani kauri, abin da yake ɗauke da mota shi ne marmara da tsakuwar da aka danne a ƙarƙashinta, kuma ƙarfinsu yana nan ne muddin a bushe suke. Ka cike lambatu, ruwa ya zo ya rasa hanya, sai ya hau ya kwanta a kafaɗa ya riƙa tsotsa ta gefe yana shiga ƙasa, marmara ta yi laushi, tirela ta taka, kwalta ta tsattsage kaman bayan kada, damina ɗaya biyu sai rami. Mu nan Gombe kuma abin ya fi muni don ƙasarmu yashi ce kuma garin a gangare yake, ruwa daga tudun Akko yake sauko mana da gudu, in ya bar hanyar da aka yi mishi ya samu yashi to ya fara haƙa kenan. Kwazazzabai irin na Mallam Inna da na kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu ai ba a rana ɗaya suka zama haka ba.

Abu na biyu da za su duba, kuma ni a wajena ya fi na farko, shi ne ganin hanya. Ƙaramar mota a babbar hanya doka ta ba ta kilomita 80 a awa, wato mita 22 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hanya suna ba direba daƙiƙa 2 da rabi tsakanin ya ga abu da ya taka birki, mita 55 ta tafi kenan ƙafarsa ba ta ma taɓa birki ba, kafin ya tsaya cak ana lissafa mita 130, kusan tsakanin falwayar wuta uku. Mai fitowa daga get kuma in zai tsallaka hannu ɗaya ya hau ɗayan, ƙaramar mota tana son wajen daƙiƙa 7 da rabi, tifa wajen 10, tirela 11 zuwa 12. Ka yi wannan gwajin gobe, ka tsaya a bakin get ɗin, in mota ta ɓullo ka fara ƙirga daƙiƙa a agogon waya har ta iso gabanka, ka yi ta ɓangare biyu sau goma goma, ka dawo ka gaya mana.

Ɗan Jekadafari kana da gaskiya a abu ɗaya, ya kamata doka ta hau kan kowa, ni ma abin yana ci min rai. Amma bar wa kowane fili mashiga tun lokacin aiki ba ya yiwuwa a wurin da yake gona, ba wanda ya san inda get zai kasance, kuma titin da kowane taku ashirin akwai ƙofa ya tashi daga babbar hanya ya koma layin unguwa, kowa yana birki kowa yana kwana.

Maman Ƴan Biyu:

Ƙanina don girman Allah ka kwashe ƙasar nan yau ba gobe ba, ni abin a kaina ya faru shi ya sa da na karanta gabana ya faɗi.

Ina da shagon kayan masarufi a bakin titi, shagon ya ɗan yi ƙasa da kwalta. Maƙwabcina ya cike lambatu don motarsa ta riƙa shiga, na yi mishi magana maigidana ma ya yi, ya ce wallahi kafin ruwan farko zai kwashe, kalmar da magininka ya faɗa ita ce dai. Ruwan farko ya zo ya wuce, na biyu ya wuce, da yake ba su da ƙarfi kowa ya manta. Wani dare cikin watan Agusta aka yi ruwa tun bayan isha'i har wajen ƙarfe biyu, da asuba yaro ya zo yana buga mana ƙofa wai mu zo mu ga shago. Da muka buɗe ruwa ne ya fara fitowa ya bugi ƙafafuna, ja wur da laka da ledoji. Buhun sukari biyu da na ajiye a ƙasa na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi, ya narke ya bar buhu, fulawa ta zama kaman kwaɓin fanke, katan-katan na taliya da sabulu gindinsu ya jiƙe duk sun zube kan juna, har yau shatin ruwan yana nan a bango daidai gwiwata na ƙi yin fenti. Kuma kayan nan rabi bashi na ɗauko a babbar kasuwa.

Aka je gaban jauro, mutumin ya ba da haƙuri ya kawo abin da ya kawo, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, na karɓa saboda maƙwabtaka. Shi ba mugu ba ne fa, ruwan bai shiga gidansa ba ne kawai shi ya sa bai ga abin da girma ba. Kai ma ƙila ba zai shiga naka ba tunda ka yi katanga, na ƙasa da kai zai samu, ka leƙa ka ga waye a wurin.

Direban Tirela:

Salam. Ni siminti nake ɗauka daga Ashaka, buhu 600 tan 30, bari in faɗa muku yadda abin yake daga cikin mota don Bappa Tsohon Ma'aikacin Hanya ya yi lissafin takarda ni kuma a sitiyari nake ganinsa.

Abin da muka fi tsoro ba rami ba ne, mota ce da take fitowa da baya daga get. Wata rana dab da magariba na karyo wata kwana da kaya, ba gudu nake ba, kawai sai ga bayan tifa ya cike hannuna, tana ribas daga wani gidan bulo, yaron motar yana can ɗaya gefen yana cewa taho taho bai ma kalli inda nake ba. Na taka birki na ji kayan suna turo ni, na danna hon, hannun hagu ga Keke Napep cike da mata, dama ga lambatu. Allah ne kawai ya sa direban tifar ya ji ya ja gaba, na wuce madubina ya kusa shafar bodinsa. Da na samu wuri na tsaya sai da na yi minti goma ƙafata tana rawa a kan feda. Duk wanda yake saukowa gangaren Tumfure da kaya ya san mota mai nauyi ba a ce mata tsaya ta tsaya.

To Mai Bulo ƙafa 14 ta yi kaɗan wa tifa in daga babban titi za ta karyo, dole sai direba ya buɗe ya ci hannun wasu kafin ya shiga, shi ya sa ma ya taka maka bakin lambatu, ba gangancinsa ba ne. Bakin mashiga ya kamata ya buɗe kaman bakin mazurari. Sannan get ɗin ka ja shi ciki yadda mota za ta sauka daga kwalta gaba ɗayanta ta tsaya kafin a buɗe mata, ƙyauren ya buɗe ta ciki, kuma ka bar fili a ciki da za ta juya ta fito da kai, kada ka cike ko'ina da bulo. Yashi kuma kada a juye maka a kafaɗar titi ko na awa ɗaya ne, 'yan acaɓa da yawa yashin kan kwalta ne ya kayar da su, da daddare kuma tulin ba a ganinsa sai an zo kai.

Mai Bulo Akko:

Na gode ƙwarai jama'a. Adda wallahi labarinki ya taɓa ni, na je na duba, ƙasa da ni wani dattijo ne da gidan ƙasa ko katangar kirki babu, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Bappa na yi gwajin da safen nan. Ta ɓangaren gari ana hango mota tun daga nesa, ya fi daƙiƙa 15, amma ta ɗaya ɓangaren akwai 'yar kwana da bishiyoyin darbejiya, daga ɓullowar mota zuwa gabana daƙiƙa 6 ne, wata ma 5. Ban taɓa lura ba sai yau. Abin da ban faɗa ba tun farko, filin nawa na kusurwa ne, ta gefen gari akwai layi da aka fitar a zanen unguwar, ba kwalta, yashi ne, amma a bakinsa 'yan kwangila sun yi kwalbati mai faɗi. Na tsaya a nan ma na ƙirga na samu 8. Ni dai na fi son get a titi don masu wucewa su ga bulo. Kuma har yanzu maganar katangar ce take damuna.

Mai Karatun Shari'a:

Hamma bari in ɗan ƙara ta ɓangaren doka. Mutanenmu da yawa suna ɗauka takardar fili ita ce komai, alhali abu biyu ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama da amfani ne, takardar shaidar mallaka shi take tabbatarwa, ba ta ba ka izinin gini ba. Izinin gini daban ake nema, dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki duk wani aikin gini ko na injiniya a kan ƙasa ko ƙarƙashinta, har da canza abin da ake yi da fili, a matsayin abin da sai da izini, ka ga katanga da kwalbati da mai da gona gidan bulo duk sun shiga. A 2003 kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa in wani ya ce maka a Kano ko Bauchi kaza ake bari tsakanin gini da titi kada ka yi aiki da shi, na jiharka za ka tambaya a rubuce.

Katangarka, abin da zai raba gardama shi ne turakun safiyo. In tana kan iyakarka ko ciki, to maganar neman izini ne a makare, a duba a daidaita. In kuwa ta shiga filin hanya to gara ka ja ta da hannunka ka tsira da bulonka, don diyyar da sashe na 28 da na 29 na dokar 1978 suke magana ta wanda aka karɓe wa halattaccen fili ne don amfanin jama'a, wanda ya gina a kan filin hanya ba ya cikin wannan. Maganar wasu ma sun yi ba a taɓa su ba, tana da zafi kam, amma ba ta kare mutum a gaban hukuma. Duk kuɗin da za ka biya ka biya ta banki ka riƙe rasit, kuma kada ka yarda da je ka ci gaba na baki daga kowa, ma'aikaci ana canza mishi wurin aiki, takarda mai hatimi da zanen da aka sa wa hannu su ne za su tsaya maka bayan shekara biyar.

Tsohon Ma'aikacin Hanya:

Ɗana ai Allah ya riga ya yi maka gyaɗar dogo, filin kusurwa ƙa'idar da muka sani ita ce a shiga ta ƙaramin layi. Daƙiƙa 5 ko 6 ga motar da ta ɗauko bulo, ni ko kai ne ɗana na cikina ba zan sa maka hannu ba. Bakin layin an yi shi da faɗi, direbobi sun san mahaɗa ce suna sa ran fitowar mota, kuma ka huta da kuɗin kwalbati, wanda in na tifa ne ba ɗan abu ba ne, sai an yi mishi ƙafafunsa daban kada nauyi ya hau bangon lambatu, rodi mai kauri hawa biyu, faɗin cikinsa kada ya gaza na lambatun ko da ɗan yatsa, a bar wajen buɗewa a yashe, sannan kankare sai ya kwana 28 ana ba shi ruwa kafin ya kai ƙarfinsa, mutane kwana uku suke sa mota a kai su ce siminti ne ba kyau. Daƙiƙa 8 ɗin ma ba ta kai yadda nake so ba, don haka mai kaya in zai fita ya bi hannun dama ya je ya juyo a inda ake gani, ko yaro ya tsaya da jan ƙyalle ta wajen kwanar. Don masu wucewa su ga bulo kuwa, ka rage tsayin katangar gaba ka sa ƙarfe a sama, ka rubuta suna da lambar waya a jikinta. Tsagewar lambatun ka faɗa musu da bakinka ka ce za ka gyara.

Mai Bulo Akko:

Jama'a ga inda aka kwana. Jiya da yamma ni da yara uku muka kwashe marmarar da fasassun bulon tas, a ƙasa muka tarar har ruwan da muke ba bulo ya fara taruwa a bayan cikon da ledoji, ko damina ba ta zo ba. Yau na je ofis da takarduna, na faɗi maganar tsagewar tun kafin a tambaye ni, an karɓi takardar neman izinin an ce za a zo a auna ranar Talata, in nemo safiyon da ya yi min zane ya tono turakun don biyu yashi ya binne su. Na auna da tef da kaina daga wanda ake gani, kaman katangar gaba ta fita da ƙafa biyu, in haka ne zan sauke ta in ja baya, magini ya ce in aka bi a hankali yawancin bulon zai fita lafiya.

Get kuma na yanke shawara zai koma layi. Sai dai layin yashi ne zalla tifa za ta kafe, zai ci marmara aƙalla sawu shida daga bakin kwalbati zuwa inda zan buɗe, kuma akwai gida biyu a ciki, ɗaya ya riga ya ce min shi ba ya son manyan motoci saboda yaransa a nan suke wasa. Na ce mishi tifa ba za ta shigo ba sai bayan yara sun tafi makaranta, kuma zan riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, bai ce e ba bai ce a'a ba. Mun yi da jauro za mu zauna mu uku bayan sallar Juma'a. Wanda ya san inda ake samun marmara mai kyau kusa da nan ba mai yawan ƙasa ba don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo.